Ciwon Sukari Da Ma'aikacin Kujera

A shekarar 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda aka horar da malaman makaranta da manyan ma'aikatan En'e na farko a ƙasar Arewa. A cikin waɗannan shekaru biyu kuma, can a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Likita Banting da mataimakinsa Best suka fitar da maganin nan da ake kira insulin, har aka yi wa wani yaro allurarsa a watan Janairu na 1922, ya tashi bayan an fid da rai. Ba don nishaɗi na haɗa labaran nan ba. Tun daga wancan zamani ne aka fara samun ɗan ƙasa wanda ya ajiye fartanya ya ɗauki alƙalami, ciwon sukari kuwa yana son mai zama wuri ɗaya.

Ku dubi G.R.A. ta Katsina, wadda iyayenmu ke kira Bariki. Da can Turawan mulki ne a ciki, yau kuwa manyan ma'aikata ne da 'yan kasuwa da waɗanda suka yi ritaya. Mutum ya fito ɗaki ya shiga mota, ya sauka ƙofar ofis ya hau kujera, la'asar ta yi ya komo ya kishingiɗa. Amma malmalar tuwonsa tana nan yadda ta kakansa take, shi kuwa kakan nan tun asuba yake gona, ko ya taka daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga bai ji ya yi tafiya ba. Sa'an nan ga shayi mai cokali uku na sukari da burodi da safe, ga farar shinkafa da rana, ga lemon kwalba in baƙo ya zo.

To, ga yadda abin yake a cikin jiki. Gero da dawa da masara da shinkafa da alkama, da rogo da doya da dankali, duk abinci ne mai sitaci. In an ci, hanji yana narkar da sitacin ya mai da shi sukari, sukarin ya shiga jini. Wannan ba laifi ba ne, da shi jiki ke aiki kamar yadda fitila ke ci da kananzir. Akwai wata tsoka doguwa kwance bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ce ke fitar da insulin, shi kuwa insulin shi ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga naman jiki. Idan ƙiba ta yi yawa, musamman ta tumbi, motsi kuma ya yi kaɗan, sai jiki ya daina jin kiran insulin sosai. Tsokar nan ta yi ta ƙoƙari shekara da shekaru har ta gaji, sukari ya taru a jini. Fiye da tara cikin goma na masu ciwon irin wannan ne ke damunsu. Akwai wani iri dabam mai yawan kama yara, wanda tsokar ke daina fitar da insulin, shi ba ruwansa da ƙiba, ba shi da makawa sai allurar insulin. Gado ma yana da hannu: wanda uwarsa ko ubansa ke da ciwon, ya fi kowa bukatar lura.

Mutane da yawa suna tsammani mai shan zaƙi kaɗai ke kamuwa. Na sha jin malami yana cewa, "Ni ai ba na shan sukari," alhali ya share akushin tuwon shinkafa shi kaɗai. Jini bai san bambanci ba. Abin da ya bambanta shi ne sauri: hatsin da aka surfe aka cire dusarsa ƙal, da farin fulawa, da abin sha mai zaƙi, nan da nan suke zuba sukari a jini, amma wake da ganye da hatsi mai sauran dusa a hankali suke sakinsa. Zuma ma, duk da darajarta, sukari ce. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, kwalbar lemo guda kuwa takan ɗauki kusan 9.

Hausawa sun ce jiki magayi, kuma haka ne, sai dai mu ne ba mu saurara. Sa'ad da sukari ya yi yawa a jini, ƙoda takan kasa riƙe shi, ta zubar da shi cikin fitsari, ya ja ruwa ya tafi da shi. Shi ya sa mutum zai tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare, alwala ba ta daɗewa, ƙishirwa ba ta yankewa ko da sanyin hunturu. Yana ci amma yana ramewa, ga kasala, ga ido yana hazo har rubutun allo ya gagara. Ƙurji ko ɗan yanka a ƙafa ya ƙi warkewa, tafin ƙafa ya riƙa zafi ko ya mutu kamar an kwanta a kansa. Wani kuma kiyashi zai gani sun yanyame inda ya yi fitsari, alamar da masu magani na ƙasar Indiya suka lura da ita tun zamanin da.

Wani abokin aikina, tsohon shugaban makaranta da ke zaune a G.R.A., ya yi wata takwas yana ɗora laifin ƙishirwarsa a kan zafin Katsina, ramarsa kuwa a kan tunanin kuɗin fansho. Sau biyu ya canja tabarau. Sai da sabon takalmi ya ji masa ciwo a ɗan yatsa, mako shida bai warke ba, sa'an nan ya je asibiti. Allah ya taimake shi ƙafar ta tsira, amma idonsa na hagu bai koma daidai ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wasu ba su ganin alama ko ɗaya, ciwon yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da zuciya a ɓoye. Masana sun ƙiyasta fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. A duniya kuwa, bisa lissafin Hukumar Lafiya, masu ciwon sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022.

Gwajin ba wuya. A kwana ba a ci kome ba na awa takwas, ruwa kaɗai, da safe a je Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ko ƙaramin asibiti mafi kusa, a ɗiga jini daga ɗan yatsa. In na'ura ta nuna ƙasa da 100, madalla. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, nan ne rage tumbi, da rage malmala a ƙara miyar ganye da wake da zogale, da tafiyar rabin awa kwana biyar a mako, ke iya komar da mutum baya. In ta kai 126 ko fiye, aka sake wata rana ta maimaita, to, ciwon ne. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke lissafi, a nan 7.0 ita ce daidai da 126. Wanda aka samu da shi ya bi maganin likita, kada ya ajiye shi don wani ya ba shi jiƙon ɗaci a kasuwa.

Abokin nan nawa yanzu da ƙafa yake zuwa karɓar jarida kowace safiya, malmalarsa ta koma rabi, kuma kowane dare kafin ya kwanta yakan haska tocila ya duba tsakanin yatsun ƙafarsa.