Takardu Biyu na Janar Eisenhower

Akwai wata ɗabi'a ta masu ɗan guntun karatu da ta ishe ni, wato da zarar an fito da wasiƙar sirri ta wani babban kwamandan yaƙi, aka ga ta saɓa wa abin da ya shelanta a bainar jama'a, sai su yanke masa hukuncin munafunci, alhali ba su san wanda aka rubuta wa ba, balle halin da aka rubuta ta.

A watan Yuni na 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, da rundunonin Ƙawance suka tashi ƙetare teku daga Ingila zuwa gaɓar Normandy ta Faransa, Janar Eisenhower na Amurka ya sa aka raba wa sojojinsa takarda mai nuna yaƙini da nasara. Amma ran 5 ga wata, bayan hadari ya tilasta ɗage harin da kwana guda, sai ya ɗauki fensir ya rubuta wata 'yar takarda da za a karanta wa duniya in an ci su, yana mai cewa laifin nasa ne shi kaɗai, ya ninke ta ya cusa a walat. To ina munafuncin? Wanda zai tura dubban 'ya'yan mutane bakin igwa, wajibi ne ya ƙarfafa musu zuciya, kuma wajibi ne ya yi tanadin ranar da al'amari zai ɓaci, kowace takarda da haƙƙin da ta sauke. Da ya karanta musu ta biyun a daren, da ya ci amanarsu.



Saboda haka, in irin wannan wasiƙa ta shigo hannunka, kada ka yi gaggawar fatawa. Ka binciki wanda aka nufa da ita, sarki ne, na ƙasa ne, ko iyali. Ka tambayi inda asalinta yake ajiye, kamar yadda 'yar takardar fensirin Eisenhower take a ɗakin adana takardunsa da ke garin Abilene na Amurka. Ka gwama ta da abin da ya rubuta wa wasu a makon. Kuma kada ka amince da kwanan watan da ke jikinta sai da hujja, domin shi kansa Janar ɗin, don tsananin gajiya ko ɗimuwa, 5 ga Yuli ya rubuta a jikin tasa maimakon Yuni.