Ƙofar Gareji Mai Buɗe Kanta: Uwargida, Ki Sa Baki Kafin A Sayo



Duk mai karanta littattafanmu na soyayya ta san wurin nan da saurayi zai karyo kwana cikin zungureriyar motarsa, ya danna hon sau biyu, Baba maigadi ya taso a guje har hularsa na faɗuwa, ya wangale masa get. Mu marubuta mun rubuta shi har mun gaji, ku ma kun karanta har kun haddace. To zamani ya soma raba Baba maigadi da wannan aikin. A wasu sababbin gidaje na Abuja da Kano da Kaduna, maigida yana zaune cikin mota zai danna wani ɗan rimot da bai fi akwatin ashana ba, sai ki ga ƙofar gareji ta ɗaga da kanta, ko get ya zame gefe guda kamar aikin aljanu.

Na san wata za ta ce, to ni ina ruwana da wani inji, ai wannan zancen maza ne. Ruwanki kuwa har da tsaki, 'yar uwa. Maigida zai fita da safe ya dawo da dare, hulɗarsa da ƙofar nan ba ta wuce minti biyu a yini ba. Ke ce za ki yini a gidan, ke da 'ya'yanki da ƙannen miji da yaran maƙwabta masu shigowa wasa. Shi abin da zai duba shi ne yadda ƙofar take buɗewa ta burge abokansa. Ke kuwa abin da ya kamata ki duba shi ne yadda take tsayawa idan ta tarar da mutum a ƙarƙashinta.

Abin daga Amurka ya samo asali, inda yawancin gidajen bayan gari garejinsu a haɗe yake da gida. Wani mutum mai suna C. G. Johnson ne ya ƙera injin farko mai aiki da lantarki a shekarar 1926, a garin Hartford City na jihar Indiyana. Injin a saman gareji ake rataye shi, yana jan ƙofar bisa wata doguwar hanya ta ƙarfe. Ita ƙofar ba wasa ba ce, wata ta kai nauyin buhun masara, ta katako mai faɗi har ta fi. Wani ƙaton sifirin da ke saman ƙofar shi ke ɗauke yawancin nauyin, inji ja kawai yake yi ya tura.

Amurkawa sun sha kuka kafin su gane hatsarin abin nan. Yara sun mayar da shi abin wasa, ɗaya ya danna maɓalli, sauran su ruga su wuce ta ƙarƙashi kafin ƙofa ta rufe, wanda ya makara ta danne masa wuya ko ƙirji. Wani bincike da ya fito a mujallar likitocin yara mai suna Pediatrics a 1996 ya ƙirga aƙalla yara 85 da suka mutu ko ƙwaƙwalwarsu ta lalace har abada ta wannan hanyar, tsakanin 1974 da 1995. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ki tuna fa a cikin gidan iyayensu ne, wataƙila uwar tana kicin tana tuƙa abinci, ba ta ji komai ba sai ƙugin inji da ta saba ji kullum.

Wannan ne ya sa hukuma a can ta kafa doka. Tun daga 1 ga Janairu 1993, duk injin da aka ƙera don sayarwa a Amurka dole ya zo da ƙarin kariya, wadda galibi wasu 'yan idanu ne guda biyu na lantarki. Ana kafa su a gefe da gefen ƙofa, kusa da ƙasa, kada su wuce inci 6 daga daɓe, ɗaya yana aika wa ɗaya haske da idon mutum ba ya gani. Da zarar yaro ko kyanwa ko keke ya gitta tsakaninsu, ƙofar da ke saukowa za ta tsaya cak ta koma sama. Bayan idanun kuma, shi kansa injin an yi shi ne yadda idan ƙofa ta taɓa wani abu za ta juya nan take. Dokar Amurka ba ta tsaron ɗanki a nan, tambayarki ce za ta tsare shi. Idan mai haɗawa ya ce wai idanun ba dole ba ne, ko a bar su a rage kuɗi, ki ce wa maigida cikin ladabi a nemo wani. Araha ba ta ado, balle a kan ran ɗan mutum.

Kuma kada ki yarda da baki kawai. Ranar da aka gama haɗawa, kafin a sallami mai aikin, ki sa a kwantar da guntun katako mai kaurin kamar inci ɗaya da rabi a ƙasa, daidai inda ƙofa za ta sauka, a danna maɓalli. Idan ta taɓa katakon ta koma sama, madalla. Idan ta tsaya tana danna shi tana gurnani, to aiki bai ƙare ba. Masu ƙera injinan sun ce a riƙa maimaita wannan gwajin duk wata. Maɓallin bango kuma a kafa shi sama, aƙalla ƙafa 5 daga ƙasa, inda hannun yaro ba zai kai ba, kuma inda mai dannawa yake ganin ƙofar da idonsa.

Sai batun wuta, wanda ba sai na yi miki dogon bayani ba. NEPA ta daɗe da sauya suna amma har yau ita muke kira idan an ɗauke. Inji ba ya motsi sai da lantarki. Ki ƙaddara naƙuda ta kama ki ƙarfe biyun dare, ko yaro ya shiɗe, ga mota a gareji, ga duhu, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ko a Amurka da ba su saba da ɗaukewar wuta ba abin ya ci rayuka. A gobarar dajin da ta auka wa arewacin jihar Kalifoniya a 2017, wuta ta katse, aƙalla mutum biyar suka rasu saboda sun kasa buɗe garejinsu su fitar da mota. Daga 1 ga Yuli 2019 jihar ta hana sayarwa ko kafa injin da ba shi da batir na ko-ta-kwana. Idan su sun ga dole, mu me za mu ce? Inji marar batir a gidan Bahaushe kwalliya ce kawai.

Ko da batir ɗin, ki koyi buɗewa da hannu, don batir ma yana mutuwa. Akwai wata jar igiya da ke reto daga hanyar ƙarfen nan, idan kin ja ta ƙofa ta rabu da inji, sai ki ɗaga da hannunki. A ja ta lokacin da ƙofar take rufe, don idan tana sama kuma sifirin ya lalace, za ta iya faɗowa gaba ɗaya. Ki gwada da rana tsaka lafiya lau, ke da duk wani babba a gidan, ba a fafe gora ranar tafiya. In kin ji ta yi miki nauyin da ba ki iya ɗagawa, sifirin ne ba daidai ba, a kira wanda ya san aikin. Kada a bar ƙanen miji mai ƙarambani ya taɓa sifirin nan da sifana, a ɗaure yake tamau, idan ya ƙwace yana karya hannu. Shi get mai zamewa gefe makulli ake ba ku na sakin injinsa, ki san inda aka ajiye shi.

Ga wani tarko kuma ga masu 'yan uwa a waje. Injin da aka yi don gidajen Amurka da wuta mai ƙarfin 120 yake aiki, tamu kuwa 230 ce. Aka jona shi kai tsaye, sai hayaƙi. A sayi wanda aka yi don irin wutarmu, a haɗa masa abin kariya daga wutar nan da kan dawo da ƙarfi ta ƙone firij da talabijin.

Sauran zaɓin ba su da wahala. Mai jan sarƙa irin ta keke ya fi sauƙin kuɗi kuma yana da juriya, amma ƙararsa sai ta tashi jariri. Mai bel na roba ya fi tsada, ba ya hayaniya, shi ya dace idan ɗakin barcinki yana jikin gareji ko samansa. Ni dai da za a tambaye ni, barcin mai jego ya fi bambancin kuɗin. Rimot kuma a tabbatar irin na yanzu ne mai sauya lambar sirri duk lokacin da aka danna. Tsofaffin lamba ɗaya suke aikawa kullum, ɓarawo mai na'ura yana iya kwafe ta, har an sha samun rimot ɗin maƙwabci ya buɗe ƙofar wani. Akwai kuma masu buɗewa da wayar hannu ta intanet, abin burgewa ne, amma kada ya shagaltar da maigida ya manta idanu da batir. Shi rimot ɗin a jaka ko a maƙale da makulli yake zama, ba a miƙa wa yaro don ya yi shiru.

Da hunturu ƙura kan rufe idanun nan, sai ki ga ƙofa ta ƙi rufuwa, ta sauko kaɗan ta koma, maigida ya hau faɗa yana cewa a cire su a huta. Kada ki bari. Ɗan tsumma mai laushi za ki ɗauka ki goge fuskar kowane ɗaya, ki duba ko tsintsiya ta ture shi ya daina kallon ɗan uwansa, ki daidaita shi har ɗan fitilarsa ta tsaya da ƙiftawa, sannan a sake dannawa.