Sharuɗɗan Yaro Mai Zafin Jifa A Wasan Kurket

  

Ran nan da kaka ina komowa daga Roni, sai na tarad da wani yaro makiyayi a gindin dutse, bai fi shekara 14 ba. Akuyarsa ta nufi gonar geron wani, tana nesa da shi. Ya sunkuya ya ɗauki hoge, ya yi taku uku, ya sake shi. Hogen ya faɗi daidai gaban hancinta, ta juyo. Na tsaya ina mamaki, domin akwai ƙasashen da hannu irin wannan ya kan kai mai shi gaban sarakuna. Wasan da a ke neman irin hannun nan sunansa kurket.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan baƙo ne sarai a Arewa. An koya wa ɗaliban Kwalejin Katsina shi, wadda aka buɗe a 1922, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna Zariya a 1949, watau Barewa ta yau. Sai dai bai yaɗu cikin talakawa kamar ƙwallon ƙafa ba. A ƙasashen Indiya da Pakistan kuwa, shi ne wasan yara a kowane lungu.

Ga sifarsa a taƙaice. Mutum 11 su ke karawa da mutum 11. A tsakiyar fili akwai fage mai tsawon yadi 22, masu sayar da yadi sun san iyakarsa. A kowane ƙarshe an kafa turaku uku. Mai sanda ya kan tsaya gaban turakun yana tsaronsu, majefi kuwa ya taho a guje daga ɗaya ƙarshen ya sako ƙwallo. In ƙwallon ya tumɓuke turke, ko mai sanda ya buga shi sama aka cafe, to, an kayar da shi. Ƙwallon na jar fata ne, mai tauri, da ɗinki kewaye da cikinsa kamar aikin baduku, nauyinsa wajen giram 160. Jifa shida shi ne zango guda. Akwai doka kuma wadda ta raba jifan nan da na makiyayi: ba a yarda majefi ya lanƙwasa gwiwar hannu ya miƙe ta a lokacin sakin ƙwallo ba. Hannu ya kan kewayo ta bisa kai a miƙe, kamar majaujawa.

Majefa iri biyu ne. Akwai masu murza ƙwallo da yatsu a hankali, akwai masu zafin jifa, su ne abin zancenmu. Gwani a cikinsu ya kan sako ƙwallo da gudun kilomita 140 a sa'a, bai cika rabin daƙiƙa ba ya isa ga mai sanda. Me ke sa yaro ya kai wannan matsayi, ya kuma daɗe a kansa? Na duba labarun magabatan wasan, na ga sharuɗɗa huɗu.

Sharaɗi na fari shi ne baiwa, da idon da zai gane ta. Zafin hannu halitta ce, malami ba ya saka shi inda babu. Amma baiwa tana iya tsufa a daji ba wanda ya sani. Makhaya Ntini na Afirka ta Kudu kiwon shanu ya ke yi a wani ƙauye wai shi Mdingi. Yana da shekara 15 wani mai koyad da wasan ya gan shi yana jifa, ya ɗauke shi, aka kai shi makaranta. A 1998 ya zama baƙar fata na farko daga ƙabilun ƙasar da ya yi mata babban wasa na kwana biyar. Ya yi irin wasan nan sau 101, ya kayar da masu sanda 390. Haka Wasim Akram na Pakistan, a lungunan Lahore ya koyi jifa da ƙwallon tanis wanda yara su kan naɗe da salatif na masu gyaran lantarki. Wani babban ɗan wasa, Javed Miandad, ya gan shi a wurin horo a 1984, ya sa aka ɗauke shi. Ya kayar da 414. Ashe ba tsadar kaya ke fid da gwani ba.

Sharaɗi na biyu shi ne saiti. Yaro mai zafin hannu ya kan so a ce ya fi kowa sauri, ya yi ta watsa ƙwallo dama da hagu, mai sanda yana ta cin riba a kansa. Ku dubi mutum biyu. Shoaib Akhtar na Pakistan shi ne mai jifa mafi sauri da aka auna, kilomita 161.3 a sa'a, a gasar duniya ta 2003 a Afirka ta Kudu. Amma ciwon gwiwa da sauran raunuka suka dame shi, babban wasa 46 ya samu yi, ya kayar da 178. Glenn McGrath na Ostareliya bai kai shi sauri ba ko kusa. Abin da ya iya shi ne ya sauke ƙwallo a wuri guda, kusa da turken waje, sau shida cikin shida, har mai sanda ya gaji ya yi kuskure. Ya kayar da 563 kafin ya bari a 2007. Masu koyarwa su kan shimfiɗa ɗan ƙyalle a fage su ce wa yaro ya yi ta saukar da ƙwallo a kansa. Aiki ne mai gundura, amma shi ne jarin sana'ar.

Cikin saiti akwai sanin ɗinki. Majefi ya kan riƙe ƙwallo da yatsu biyu a kan ɗinkin, ya sake shi ɗinkin na tsaye. 'Yan wasa su kan goge gefe guda ya yi santsi, su bar ɗaya ya yi kaushi. Iska ba ta bin gefunan biyu daidai, sai ƙwallo ya karkace a sama, mai sanda ya kai bugu inda ba ya nan. James Anderson na Ingila da wannan dabara ya kayar da 704, bai ajiye wasan ƙasa ba sai a 2024, yana da shekara 41.

Sharaɗi na uku shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami, watau kiyaye bayan yaro. Duk lokacin da majefi ya dira ƙafar gaba, nauyin da ke hawa jikinsa ya kan ninka nauyinsa sau biyar ko fiye, ga kuma murɗa ƙugu da sunkuyo a lokaci guda. Ƙashin bayan saurayi kuwa bai gama ƙosawa ba sai ya haye shekara 20. In aka yawaita masa jifa, ƙashin tsatso ya kan yi 'yar tsaga, galibi a gefen da ba na hannun jifa ba. Ba ta zuwa da faɗuwa ko karo, a hankali ta ke shiga, kuma jiyyarta watanni ce. Masu dawaki sun san wannan. Wanda ya ɗora wa dukushi sirdi tun bayansa bai yi ƙwari ba, domin ɗokin hawan salla guda, ya yi hasarar doki na shekara goma.

Pat Cummins na Ostareliya ya shiga babban wasa a 2011 yana da shekara 18, ya kayar da mutum shida a karo guda a birnin Johannesburg, duniya ta ɗauka. Daga nan sai ciwon diddige, sai tsagar baya, ta warke ta komo. Bai sake yin babban wasa ba sai 2017. Abin da ya cece shi shi ne haƙuri nasa da na masu kula da shi. Suka gyara masa yadda ya ke jifa, suka bar jikinsa ya ƙosa. A 2021 ya zama shugaban 'yan wasan ƙasarsa, a 2023 suka ci kofin duniya a Indiya. Yara nawa ne irinsa waɗanda ba su sami wannan jinkiri ba, sunansu ya ɓace?

Saboda haka hukumar wasan ta Ingila ta yi shekaru tana aiki da haddi: ɗan shekara 13 ko ƙasa kada ya wuce zango biyar a jere, ko goma a yini, ɗan 14 da 15, shida a jere, 12 a yini, daga 16 zuwa 19, bakwai a jere, 18 a yini. Malami na gari kuma ya kan lura ko ƙugun yaro da kafaɗunsa suna fuskantar gefe guda lokacin dira, domin saɓaninsu shi ke murɗe tsatso. In yaro ya ce bayansa na ciwo, a tsai da shi a kai shi asibiti, kada a ce masa rago.

Sharaɗi na huɗu shi ne zuciya mai sanyi. Majefi ya kan yi jifa mai kyau a buga shi har bayan fili, jama'a na shewa. Wanda ya fusata ya ƙara ƙarfi, saitinsa ya watse. Wanda ya koma mafarinsa a natse yana nazarin inda mai sandan ke da rauni, shi ke cin kasuwa da la'asar, kamar falken da bai karya farashi ba don tayi guda ya wuce shi.

Nijeriya ma ta fara ganin amfanin renon yara. A 2019 samarinta 'yan ƙasa da shekara 19 suka ci gasar share fage ta Afirka a Namibiya, suka je gasar duniya ta 2020 a Afirka ta Kudu, karo na farko. Ɗaya daga cikinsu, Peter Aho, a 2021 a Legas ya kayar da 'yan Saliyo shida, maki biyar kaɗai aka ci a kansa. A lokacin ba a taɓa yin haka ba a gajeren wasa na maza tsakanin ƙasashe, sai a 2023 wani ɗan Maleshiya ya wuce shi.

To, jama'a, hannu irin na makiyayin Roni yana nan da yawa a ƙasarmu, a wurin masu korar jan baki daga gero da masu kaɗo mangwaro. Fage mai yadi 22 da turaku uku da ƙwallon tanis ba su fi ƙarfin makarantar gari ko attajiri guda ba. In wasan ya iso mu, roƙona ga wanda zai riƙe yaran shi ne ya ƙidaya musu jifa kamar yadda ya ke ƙidaya kuɗinsa, ya fara da saiti, ya bar sauri ya zo da shekaru. Magabata sun ce sauri ya haifi nawa.