Tarin Hunturu da Maganin Kodin: Gargaɗi ga Ƙungiyoyin Manoma

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, ga hunturu ya shigo. A Ɗan Isa da sauran ƙauyukan Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, wannan ne lokacin sussuka da shiƙa. Ƙura ta haɗu da sanyi, sai tari ya kama manya da yara. A irin wannan lokaci ne masu tallar magani ke yawo a kasuwanni, wani lokaci har da maganin tari mai kodin a ɓoye. Muna so mu yi bayani a kansa, domin ana yawan tambayarmu cokali nawa ya kamata a sha.

Mene ne kodin?

Kodin ɗan'uwan mofin ne, watau magani mai ƙarfi da likitoci ke kashe zafin ciwo da shi. In an sha, hanta ce ke juya shi ya zama mofin. Amma hantar mutane ba ɗaya ba ce. Ta wani tana juya shi da sauri ƙwarai, har cokalin da bai yi wa maƙwabcinsa kome ba shi ya danne masa numfashi. Ba a gane irin wannan mutum da ido. Bayan haka kuma kodin ba ya warkar da tari, danne shi kawai yake yi, kuma mai yawan shansa yakan kamu har ya kasa bari.

A 2017 Majalisar Dattawa ta ji cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a jihohin Kano da Jigawa. A watan Mayu na 2018, bayan wani binciken BBC, Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi Nijeriya. Saboda haka kwalbar da aka miƙo maka a ɓoye, ba wanda zai tabbatar maka da abin da ke cikinta.

Yara da masu shayarwa

Ga yaro ƙasa da shekara 12, babu awon da ya dace, ko rabin cokali ne. Hukumar magunguna ta Turai ta hana wannan a 2015, ta Amurka kuma a 2018 ta ce sai mai shekara 18. Mai shayarwa ma kada ta sha, domin yana bi ta nono ya kai ga jariri.

Manya fa?

Babba ba ya shan kodin sai likita ya rubuta masa, na kwanaki kaɗan, da awon da aka faɗa masa. A auna da cokalin magani mai mililita 5, domin cokulan gida girmansu ya bambanta. Kada a kurɓa daga bakin kwalba. Kada a haɗa shi da giya ko burkutu ko tiramol ko maganin barci. Wanda ya sha kada ya hau babur, kada ya tsaya a injin niƙa. Mai asma ya nisance shi.

In mutum ya sha sai barci mai nauyi ya kama shi, numfashinsa ya ragu, ƙwayar idonsa ta tsuke, a kwantar da shi a gefe, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Akwai allurar da ke karya ƙarfinsa in an je da wuri.

Abin da za mu yi

Yawancin tarin mura yakan tafi da kansa. A sha ruwan ɗumi da zuma da lemon tsami, amma ban da zuma ga jaririn da bai shekara ba. A ɗaura ƙyalle a hanci lokacin shiƙa. In yaro yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, wataƙila nimoniya ce, a kai shi asibiti ranar nan. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, a je a gwada majina, domin gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro na gaba, maza da mata su ji. A duba gida, in akwai tsohuwar kwalba a kai wa ma'aikacin lafiya. Wanda ya riga ya kamu, kada mu kore shi, mu raka shi wurin likita.