Kifin Tafkin Jabi Ma Yana Ji

Duk ranar Asabar da yamma Tafkin Jabi a Abuja kan cika da jiragen shaƙatawa da baburan ruwa. Mu da ke bakin gaɓa ƙara kaɗan muke ji, iska ta kwashe sauran. A ƙarƙashin ruwa kuwa ba haka abin yake ba. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, ninki huɗu da ɗoriya na gudunsa a iska, kuma yakan yi nisa kafin ya mutu.

Kunnen kifi a cikin kansa yake, da 'yan duwatsu da ke motsi idan sauti ya ratsa jikinsa. Tarwaɗa da danginta sun fi yawancin kifaye ji, domin wasu ƙananan ƙasusuwa sun haɗa jakar iskarsu da kunnen. Suna ma da murya. Duk masuncin da ya taɓa cire ƙurungu daga taru ya ji gurnanin da yake yi da ƙayar gefensa. Namijin karfasa shi ma yakan yi sauti idan yana tsaron gurbinsa. A ruwa mai laka irin namu, inda ido ba ya gani da nisa, kunne ne madogara.

To rurin injin jirgi yana faɗawa daidai inda kifi ya fi ji, sai ya danne komai. A 2016 masana sun gwada wannan a tsibirin Lizard na Ostireliya: da jiragen inji suna wucewa, ƙananan kifayen da manya suka cinye sun ninka. Ƙara mai tsanani takan lalata kunnen kansa, ko da yake na kifi, ba kamar namu ba, yakan farfaɗo idan ya samu hutu. Nakiyar da wasu ke kamun kifi da ita kuwa ba a magana. Dokar kamun kifi ta ƙasarmu ta 1992 ta haramta ta.

Masu tuƙi su rage gudu kusa da ciyayin bakin ruwa, musamman da damina lokacin saka ƙwai. Mai kiwon tarwaɗa a Kuje ko Gwagwalada kuma, kada ya jingina janareta ko injin turo ruwa da bangon tafkinsa, domin girgizar ta siminti take bi ta shiga ruwan. Ya matsar da shi nesa, ya ɗora shi kan tsohuwar taya.