Masu Fatsa A Ingila Da Jarrabawar Zafin Rana

A Ingila akwai wani salon kamun kifi da ba a sa tana ko wani koto mai rai. Mai fatsa yakan naɗa gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, sannan ya wurga ta bisa ruwa da doguwar igiya. Kifin da ake nema shi ne turawut, kuma manyan madatsun ruwa irin su Rutland da Grafham, inda ake zuba kifin kiwo kowace shekara, su ne matattarar masu wannan sha'awa. Mutum biyu sukan shiga kwale-kwale, su bar iska tana kora su sannu a hankali, suna jifa a gabansu.

Turawut kifin ruwan sanyi ne. Tarwadar da muka sani takan leƙo ta shaƙi iska idan ruwa ya yi mata ƙunci, shi kuwa ba shi da wannan baiwa. Da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, sai ya fara galabaita. Dalili shi ne ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa: lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 11 a digiri 10, amma a digiri 25 ba ta wuce 8 da ɗoriya. Ga shi kuma zafin yana ƙara wa jikin kifin buƙatar iskar.

Saboda haka yakan bar saman ruwa ya gangara inda ya fi sanyi. Gwani sai ya bi shi: ya ajiye igiyar da ke tsayawa a sama ya ɗauki mai nutsewa, ya riƙa ƙirga daƙiƙoƙi bayan kowace jifa har ya gano zurfin da kifin yake kiwo. Ya kuma fita da sassafe ko gab da faɗuwar rana, domin da tsakar rana kifi na ganinka mai jar koma.

Sai dai a nan ne jarrabawar take. Da yawa daga cikin waɗannan masu fatsa sakin kifin suke yi bayan sun kama. Amma kifin da aka janyo daga sanyin ƙasa, ya yi ta kokawa cikin ɗumin sama, yana iya tafiya kamar lafiya lau, ya mutu daga baya. Shi ya sa wasu wuraren sukan dakatar da kamun idan zafi ya tsananta.

Lamarin ya wuce wasa. A ranar 19 ga Yuli, 2022, zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby, karon farko da Birtaniya ta haye 40. Muddin irin waɗannan ranaku suna ƙaruwa, to gwanintar mai fatsa ba za ta tsaya ga gano maɓoyar kifi ba. Dole ta haɗa da auna ɗumin ruwa kafin jifa, da naɗe igiya a koma gida idan ma'auni ya ce a haƙura.