Dattijo da ciwon sida: wa zai gaya wa?



A shekarar 1987 aka fara ganin ciwon sida a Nijar. Lokacin nan magani bai zo mana ba. A 2004 aka soma ba da maganin danne ƙwayar cutar kyauta. Waɗanda suka fara sha da sauran ƙarfinsu, yau ga su da furfura, ga jikoki. Wasu kuma da girmansu suka kamu.

Abin da ya fi damun dattijo shi ne bakin mutane. Shi ne mai sasanta rigima a unguwa, shi ake aika neman aure. Yana tsoron girmansa ya zube. Tsohuwa kuma tana tsoron surukai, kar a fasa auren ɗiyarta. Don haka wani a nan Yamai sai ya ƙetare gadar Kennedy ya je Lamorde karɓar magani, don kar maƙwabta su gan shi. Wata ta ɓoye kwalbarta a ƙarƙashin katifa. Ranar da baƙi suka cika ɗaki, sai ta ƙi sha. Nan haɗarin yake, domin maganin kullum ne, ba fashi.

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, ba dole unguwa ta sani ba. Dokar 2007, wadda aka sake a 2015, ta kare asirin mai cutar, ta kuma hana a wulaƙanta shi. Amma miji ko mata, wannan haƙƙi ne: a gaya musu, su ma su yi awon jini. In baki ya yi nauyi, ma'aikacin lafiya yana iya zama tare da ku a yi maganar. Bayan haka a zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, ɗa ko ƙanwa, wanda zai karɓo magani ranar da ƙafa ta ƙi. Ƙungiyar RENIP+ ta masu ɗauke da cutar tana ba da shawara.

Ku kuma iyali, ku ci tuwo kwano ɗaya da shi, ku ba shi jikansa ya ɗauka. Buta, tabarma, sauro, duk ba su yaɗa cutar. Wanda ya riƙe magani har awo ya daina ganin ƙwayar a jininsa, ba ya shafa wa iyalinsa ta wajen kwanciya.

Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga ya nuna wa lokotoro duk abin da yake sha, har sassaƙe da jiƙo, domin wani magani ba ya jituwa da wani.